Ina Hanya

Ƙarfe bakwai a Farar Gada,
sanyin Jos bai saki yatsuna ba,
Safiyanu ya turo Fijon babansa.
Takarda ta ce shuɗiya ce,
ido ya ce ruwan toka.

"Dillali zai zo bayan la'asar.
Ka sa ta ɗauki ido, Tanimu,
ko da na wuni ɗaya ne."

Na zagaya ta sau biyu, hannu a aljihu.
Oga Davou ne ya koya mini haka:
mota, ka gaishe ta da ido
kafin ka kai mata tsumma.

Sarari ba shi da wuya.
Rufi, ƙofa, bayan bonet,
inji ya sha mai ya yi ta gurnani,
ko yaron shago ya iya.
Aikin yana bakin iyaka:
inda farin layi ya ratsa haƙarƙarinta,
inda zakin ƙarfe ya ɗaga dantse
shekara talatin bai sauke ba.

Na yanko salatif siriri,
yadda ƙanwata ke yankawa don lalle,
na bi layin taku taku.
Inji ba ya jin bari.
In ya ɗaga wa sitika leɓe,
ruwan damina ya sami ƙofa.
In mai ya kwana a hammatar zaki,
gobe ya fito fari fat
kamar gishirin gumi a bakin hula,
kowa ya san aikin gaggawa ne.

Don haka na kashe inji.
Tsohon buroshin haƙori,
auduga a kan tsinken ashana,
na durƙusa ina yi wa zaki sakace.
Masu faci suna dariya.
Su yi.

A bayan but akwai rubutu,
jan sitika da rana ta sha jininta:
INA HANYA.
Malam Nadabo ne ya manna da hannunsa
lokacin yana jigilar Jos zuwa Bauci.
Na saba kewaye shi harafi harafi,
in shiga cikin A da ɗan yatsa,
in fita ta ƙarƙashin Y.

"Cire shi," in ji Safiyanu.
"Dillali ba ya son mota mai magana."

Ruwan ɗumi daga mai shayi,
farce, da haƙuri.
I ta fita salin alin.
N ta yi gardama, ta rabe biyu.
Da na share danƙon
sai na ja da baya.

Rubutun bai tafi ba.
Yana nan, shuɗi shar,
shuɗin ranar da aka sayo ta,
wanda rana ba ta taɓa lasa ba,
kwance a tsakiyar toka
kamar ruwan tsohon ramin kuza
in ka hango shi daga kan dutse.

"Dama haka launinta yake?"
Ya tambaya, amma ba ni ba.
Yana aji biyu aka kawo ta gida,
shi ya fara danna mata oda.

Na ce, zan iya cin tokar kewaye
har ta kusa kamo shuɗin,
sai mai neman aibi zai gani.
Amma fenti ba gashi ba ne,
abin da na aske ya tafi ke nan.

Bai amsa ba. Wayarsa ta yi kuka,
ya sa ta a fili don hannunsa na rawa.
Dillali ne, cikin hayaniyar Taminus:
"Kar ka gaji, ɗan'uwa, ina hanya."

Safiyanu ya yi wata dariya
da ba ta kai ƙarshe ba,
ya goge ido da bayan hannu,
ya bar farin mai a kumatunsa.

"Goge ko'ina," ya ce,
"amma nan, ka bi a hankali."

Na ninke tsumma gida huɗu,
na nemi gefe mai tsabta,
na koma kan I.